Dala 9 a New York, Yuro 20 a Hanyar Split: Me Ya Raba Amurka da Kuroshiya a Harkar Sufuri?

Ranar 5 ga Janairu 2025 birnin New York ya fara karɓar dala 9 daga kowace ƙaramar mota da ta shiga ƙuryar Manhattan, daga titi na 60 zuwa kudu, a lokacin da gari ke cike. Tun kafin a fara, jihar New Jersey ta garzaya kotu, kuma ba a yi wata biyu ba gwamnatin Donald Trump ta ce za ta janye amincewar da aka ba shirin. A ɗaya gefen tekun Atalantika, direban da ya taso daga Zagreb, babban birnin Kuroshiya, zai tafi Split a gaɓar teku, yakan zari tikiti a shingen shiga babbar hanya, ya biya sama da Yuro 20 a shingen fita. Zai yi ƙorafin tsada, amma ba zai ga an tauye masa wani haƙƙi ba.

Mai karatu zai iya tambaya: ƙasar da ta fi arziki ce ke tada jijiyar wuya a kan ƙaramin kuɗi, wadda ba ta kai ta ba kuma tana biyan babba cikin lumana? Amsar tana cikin yadda aka gina garuruwan ƙasashen biyu, da kuma ƙofar da kowace gwamnati ta zaɓa ta karɓi kuɗin hanya.

## Abin da ake kwatantawa

Kuroshiya ƙaramar ƙasa ce a kudu maso gabashin Turai. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 56,600 ne, wato jihar Borno ta fi ta girma, kuma ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta ba su cika miliyan 3.9 ba. Ta shiga Tarayyar Turai a 2013, sannan ranar 1 ga Janairu 2023 ta karɓi kuɗin Yuro ta kuma shiga yankin Schengen, inda ake ƙetare iyaka ba tare da duba fasfo ba. Amurka kuwa tana da mutane sama da miliyan 330, kuma jihar Texas kaɗai ta ninka Kuroshiya fiye da sau 12.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a bambance tun farko. Mallakar mota daban, dogaro da mota daban. Na farko yana nufin mutum yana da mota. Na biyu yana nufin an tsara wurin zamansa ta yadda idan babu ita ba zai je aiki ba, ba zai kai yaro asibiti ba, ko burodi ba zai iya sayowa ba. 'Yan Kuroshiya suna da motoci, kusan ɗaya ga kowane mutum biyu, kuma suna ji da su. Amurkawa suna da ababen hawa sama da 800 ga kowane mutum 1,000, kuma gidajen da babu mota ko ɗaya kusan kashi 8 ne kawai cikin 100. Bambancin yawa a fili yake, amma wanda ya fi shafar rayuwa shi ne na dogaro.

Sai sufurin jama'a, wato duk abin hawan da ke bin hanya ɗaya a kan lokaci sananne, kowa ya biya ya shiga: bas, jirgin ƙasa, jirgin fito, da tiram, wanda jirgi ne na lantarki da ke bin layin dogo a tsakiyar titin gari, kafaɗa da kafaɗa da motoci.

## Yadda mota ta mamaye Amurka

Shekara 100 da suka wuce biranen Amurka cike suke da tiram. Yankin Los Angeles, wanda yau ake buga misali da go-sulonsa, yana da layukan jiragen lantarki da tsawonsu ya haura kilomita 1,500. Na ƙarshen waɗannan jirage, masu launin ja, ya tsaya a 1961.

Abin ya faro ne da araha. Henry Ford ya fito da motar Model T a 1908, ya yi ta karya farashinta har ma'aikacin masana'anta ya iya saye. Ƙasar tana haƙo man feturinta, fili kuma ga shi nan shimfiɗe. Sai doka ta biyo baya. A 1926 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani ƙaramin gari mai suna Euclid a jihar Ohio, ta tabbatar wa ƙananan hukumomi ikon raba gari shiyya-shiyya: nan gidajen kwana kawai, can shaguna, can masana'antu. A unguwar da aka ware wa gidaje, buɗe ɗan shago a ƙofar gida laifi ne. Da shago ya yi nisa da gida, ƙafa ta daina isa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji da masu matsakaicin hali suka samu rancen sayen gida, aka kuma riƙa gina unguwannin bayan gari irin Levittown, wadda aka fara a 1947 kusa da New York: dubban gidaje iri ɗaya, kowanne da filinsa. Daga nan sai babban aikin. Dwight Eisenhower, wanda yana matashin hafsa a 1919 ya bi ayarin motocin soja da suka kwashe kwana 62 kafin su ratsa ƙasar daga Washington zuwa San Francisco, daga baya kuma ya ga manyan hanyoyin Jamus lokacin yaƙi, shi ya sa hannu a dokar 1956 da ta haifi tagwayen hanyoyin da suka haɗa jihohi. Gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin 100 na kuɗin. Tsawonsu a yau ya haura kilomita 78,000, kuma galibinsu ba a biyan ko sisi a kansu.

Hanyoyin ba su tsaya a bakin gari ba, sun keta ta tsakiya, kuma sau da yawa ta unguwannin baƙaƙen fata suka bi: Overtown a Miami, Rondo a Saint Paul, da Tremé a New Orleans duk an tsaga su.

Akwai wata ƙa'ida da ba a cika ambata ba, alhali aikinta ya yi yawa. Ƙananan hukumomi da dama sun wajabta wa duk mai gina kanti, ofis ko gidan abinci ya tanadi wuraren fakin daidai da girman gininsa. Shi ya sa kantin Amurka yakan zauna can ciki, da makeken filin kwalta a gabansa, kanti na gaba kuma sai an ƙetare wani filin. Birnin Buffalo ya soke wannan ƙa'ida a 2017, wasu biranen sun bi sahu, amma abin da aka riga aka gina yana nan.

## Garuruwan da suka girmi mota

A Kuroshiya gari ne ya riga mota zuwa, da ɗaruruwan shekaru. Tsakiyar Split ta tsiro ne a cikin fadar da sarkin Rum Diocletian ya gina wajen shekara ta 300, kuma har yau akwai masu kwana da masu kasuwanci a cikin katangunta. Wasu lungunan mutum biyu ba sa iya jerawa. Tsohon garin Dubrovnik da ke cikin ganuwa ba a shiga da mota, kayan shaguna da sassafe ake shigar da su a ƙananan amalanke. A Zagreb an fara tiram da dawakai ke ja a 1891, aka mayar da shi na lantarki a 1910, kuma shuɗɗan jiragen suna nan suna ratsa dandalin Ban Jelačić dare da rana. Birnin Osijek a gabas shi ma ya riƙe nasa.

Zamanin Yugoslabiya, tsohuwar tarayyar da Kuroshiya ke cikinta kafin 1991, ya ƙara wa wannan tsari ƙarfi ba tare da an nufa ba. Mota tana da tsada, samunta sai da jira, saboda haka da aka zo faɗaɗa Zagreb zuwa ƙetaren kogin Sava, sai aka gina dogayen benaye da makaranta, asibitin unguwa, kasuwa da tashar bas a kusa da juna. Motar da iyali ke alfahari da ita a lokacin ita ce 'yar ƙaramar Zastava 750. Ƙanwarta Yugo, wadda aka riƙa ƙerawa a Sabiya, ta shiga kasuwar Amurka a 1985 a kan dala 3,990, kuma Amurkawa sun mayar da ita abin barkwanci, don ba ta yi kama da abin da suke kira mota ba.

Wannan tsari ya shiga har cikin al'adar yau da kullum. Ranar Asabar da hantsi mutanen Zagreb sukan yi ado su fito tsakiyar gari a ƙafa, su zauna a teburan da aka jera a titunan da aka hana motoci, kofi ɗaya na gahawa ya kai su awa biyu ana hira. A Split bakin teku ake cika. Ba'amurke kuwa yana iya sayen gahawarsa ta tagar mota, ya karɓi magani, ya ciri kuɗi a banki, duk bai kashe inji ba, kuma motarsa tana da ramukan ajiye kofi kusa da giya domin haka.

Sai kuma teku. Ƙasar tana da tsibirai sama da 1,000, kusan 50 daga ciki da mazauna. Ga mutumin Vis ko Lastovo, jirgin fiton kamfanin gwamnati Jadrolinija, wanda aka kafa a 1947, shi ne hanyar asibiti da makaranta da kasuwa, kuma mazauna tsibiri suna da katin da ke rage musu kuɗin tikiti. Idan iska mai ƙarfi ta gangaro daga duwatsun Velebit a lokacin sanyi, akan tsayar da jiragen, a rufe wasu gadoji, tsibiri ya kwana a yanke.

## Inda Kuroshiya ta bi sahun Amurka

Kuskure ne a ɗauka Kuroshiya aljannar sufurin jama'a ce. Bayan yaƙin neman 'yancin kai na 1991 zuwa 1995 ƙasar ta zuba kuɗinta a kwalta, ta bar dogo a baya. An kammala babbar hanyar A1 daga Zagreb zuwa Split a 2005, da ramuka biyu da aka huda cikin duwatsu, kowanne ya haura kilomita 5. Yanzu tana da manyan hanyoyi kusan kilomita 1,300, abin da ya yi yawa ga ƙasa mai wannan adadin mutane. A Yulin 2022 an buɗe gadar Pelješac mai tsawon mita 2,404, wadda kamfanin Sin ya gina, Tarayyar Turai ta ba da Yuro miliyan 357, domin mai zuwa Dubrovnik ya daina ratsa ɗan zirin gaɓar Bosniya yana tsayawa a iyaka sau biyu.

Jirgin ƙasa kuwa ya tsufa. Tafiyar Zagreb zuwa Split kusan awa 4 ce a mota, a jirgi ta haura awa 6. Dubrovnik ba ta da jirgi tun 1976. Don haka wanda ba shi da mota bas yake hawa daga gari zuwa gari. Gwamnati ta sa 'yan makaranta da tsofaffi suna hawan jirgi kyauta, amma kyauta ba ta ƙara masa gudu. A nan ƙasashen biyu sun yi kama, domin a Amurka ma jiragen fasinja na Amtrak, da aka kafa a 1971, ba su da ƙarfi sosai sai a layin Boston, New York da Washington. A sauran wurare galibi a kan dogon kamfanonin dakon kaya suke tafiya.

## A bayan sitiyari

Duka ƙasashen hannun dama suke bi, amma hanyar zama direba ta sha bamban. A yawancin jihohin Amurka ɗan shekara 16 yana samun lasin, wasu jihohin karkara ma suna ba da takardar koyo tun 14. Sau da yawa uwa ko uba ne malamin, kuma kowace jiha da ƙa'idarta. Tunda ƙasar ba ta da katin ɗan ƙasa na bai ɗaya, lasin ɗin ne shaidar da ake nunawa a banki da filin jirgin sama. A Kuroshiya sai mutum ya cika 18, dole ya shiga makarantar tuƙi, ya ci jarrabawar dokokin hanya da ta agajin gaggawa, ya yi darasi 35 a bayan sitiyari tare da malami. Kuɗin yakan haura Yuro 1,000.

Motocin ma ba iri ɗaya ba ne. Mafi yawan na Kuroshiya ƙanana ne masu giyar hannu, da yawa masu shan dizal, kuma kaso mai tsoka kwance ne daga Jamus, irin cinikin da masu sayen motar Beljiyam a Kano da Maraɗi suka sani. A Amurka da wuya a ga sabuwar mota mai kuloci, kuma abin hawan da ya fi kasuwa shekara sama da 40 a jere shi ne a-kori-kurar Ford samfurin F, wadda ba za ta shiga rabin lungunan Dalmatiya, yankin gaɓar tekun Kuroshiya, ba.

Baƙo ya fi rikicewa a mararraba. A Amurka idan danja ta nuna ja, direba yana iya tsayawa, ya duba, ya karya dama, sai inda allo ya hana. An yaɗa wannan doka ne bayan ƙarancin man shekarun 1970 don rage ƙona fetur a tsaye, kuma birnin New York ya ƙi ta. A Kuroshiya ja ja ce, sai in wata koriyar kibiya ta kama. A ƙananan mahaɗun Amurka akan kafa allon tsayawa a dukkan kusurwa huɗu, wanda ya riga isowa shi ke fara wucewa. A Kuroshiya, idan babu allo, wanda ya fito ta damanka ne mai hanya. Iyakar gudu a babbar hanyarta kilomita 130 ne a awa, ana kunna fitila da rana a watannin sanyi, sannan ma'aunin barasa a jinin direba 0.05 ne cikin 100, ga wanda bai wuce shekara 24 ba kuwa sifili. A Amurka 0.08 ne, ban da jihar Utah da ta sauko zuwa 0.05.

## Wa ke biya, ta wace ƙofa

Harajin tarayya a kan fetur a Amurka santi 18.4 ne a galan, wato kusan santi 5 a lita, kuma ba a taɓa shi ba tun 1993. Jihohi suna ɗora nasu, amma jimillar ba ta kai ta Turai ba. Dokar Tarayyar Turai ta ce harajin fetur kada ya gaza kusan santi 36 na Yuro a lita, Kuroshiya kuma tana ɗora harajin saye na kashi 25 cikin 100 a kai. Ga kuɗin babbar hanya, ga na fakin a tsakiyar gari.

Direban Kuroshiya yana ganin kuɗin na fita duk lokacin da ya motsa mota, shi ya sa yake lissafi kafin ya tayar. Ba'amurke yana biya ta inda ba ya gani. Harajin man ya daina isa, tun 2008 majalisa ke cike giɓin asusun hanyoyi daga baitulmali, kuɗin filin fakin kyauta kuma yana cikin farashin kayan kanti da kuɗin haya, har wanda ba shi da mota yana biya. Akwai hanyoyin biya a jihohi irin Pennsylvania, New Jersey da Florida, amma titin cikin gari an saba da shi kyauta. Wannan sabo ne dala 9 ta New York ta taɓa.

## Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu kare tsarin Amurka suna kafa hujja da faɗin ƙasa: a Montana ko Nebraska, inda gari da gari ke da tazarar awanni, babu bas ɗin da zai biya kansa. Suna ƙarawa da cewa mutane ne suka zaɓi gida mai fili da tafiya a lokacin da suka ga dama, kuma duk ƙasar da jama'arta suka samu kuɗi, har da Kuroshiya, mota suke fara saye.

Masu suka suna amsawa da cewa kusan kashi 80 cikin 100 na Amurkawa a birane da kewayensu suke, kuma kusan rabin tafiye-tafiyensu ba su kai kilomita 5 ba. A ganinsu, ba za a kira abu zaɓi ba alhali doka ta haramta gina kishiyarsa. Wasunsu sukan kawo shari'ar 1949, inda aka samu General Motors da wasu kamfanonin mai da taya da laifin haɗa baki don mamaye cinikin bas da kayan aiki ga wani kamfani da ya saye layukan tiram a birane da yawa. Masana tarihi da dama suna ganin wannan ya gaggauta mutuwar tiram ne kawai, domin kamfanonin sun riga sun fara asara.

A Kuroshiya mahawarar ta ɗauki wata fuska. Masu goyon bayan manyan hanyoyi suna nuna baƙi kusan miliyan 20 da ke zuwa yawon buɗe ido duk shekara, da yawansu a mota daga Jamus, Ostiriya, Sulobeniya da Folan. Masu adawa suna nuna bashin da aka ciwo, da dogon da aka yi wa riƙon sakainar kashi, da layin motocin da ke kai kilomitoci a shingen biyan kuɗi na Lučko, kusa da Zagreb, ranakun Asabar na Yuli da Agusta.

## Tasiri ga talaka

Ta fuskar rai, a 2022 haɗarin hanya ya kashe mutum sama da 42,000 a Amurka, kusan 13 cikin kowane 100,000, kuma kusan 7,500 daga cikinsu masu tafiya a ƙafa ne, adadin da aka yi shekara 40 ba a ga irinsa ba. Kuroshiya tana wajen 7 cikin 100,000. Hakan ya fi na Amurka sauƙi, amma a ma'aunin Tarayyar Turai, inda matsakaicin bai kai 5 ba, tana cikin ƙasashen da abin ya fi muni.

Ta fuskar aljihu, sufuri ne na biyu bayan muhalli a kashe-kashen gidan Ba'amurke, kuma ƙungiyar masu motoci ta AAA ta ƙiyasta a 2024 cewa riƙe sabuwar mota ya haura dala 12,000 a shekara. Ga mai ƙaramin albashi, lalacewar inji tana iya zama rasa aiki. Tsohon da ido ya hana shi tuƙi yakan zauna gida sai an zo an ɗauke shi. Yara kuma iyaye ne direbobinsu har su kai 16, in ban da rawayar bas ɗin makaranta da ke kwasar yara sama da miliyan 20 kullum, wadda idan ta tsaya ta miƙo allonta, dole sauran motoci su tsaya.

Ɗan makaranta a Zagreb shi kaɗai yake hawa tiram, kakarsa kuma ta ja ɗan kekenta na cefane zuwa kasuwar Dolac. Amma wannan labarin birni ne. Ƙasar ta yi asarar mutum kusan 400,000 tsakanin ƙidayar 2011 da ta 2021, kuma a ƙauyukan yankunan Lika da Slavoniya da matasa suka watse, bas ya ragu ƙwarai, musamman idan makarantu sun tafi hutu. Tsohuwar da ke can ba ta da bambanci da takwararta ta karkarar Kansas.

Ga wanda zai je karatu ko aiki, lissafin ya dogara da adireshi. A Zagreb, Split ko Rijeka katin bas na wata ya ishe shi, kamar yadda ya ishi dubban ma'aikata daga Nepal, Indiya da Filifin da suka shigo a 'yan shekarun nan. A New York ma haka ne, domin sama da rabin gidajen birnin ba su da mota. A Houston, Atlanta ko Phoenix kuwa, sai ya sa kuɗin mota, inshora da lasin a cikin kasafin watanninsa na farko, tare da kuɗin haya.